Littafin da Ya Kwana a Gidanmu

Ina aji biyar a firamare lokacin da littattafan suka zo, a tsakiyar shekarun tamanin. Makarantarmu jeren ajujuwa ce guda a gefen gari, tsakanin Kura da Bunkure. A bayanta akwai kanal, babbar hanyar ruwan nan ta siminti da ta ratsa gonakinmu ta mai da rani lokacin aiki. Ba mu da ɗakin karatu. Littafin da muka sani shi ne wanda yake hannun Malam, ya rubuta a allo, mu kwafa.

Wata safiya Hedimasta ya dawo daga ofishin ilimi da kwali ɗaure a bayan babur ɗinsa. Yawancin abin da ke ciki alli ne da rajista, amma a ƙasa akwai littattafai uku na yara, masu bango mai kauri da hotuna masu launi. Na farko tarihin ƙasarmu ne cikin sauƙaƙan Turanci. Akwai taswira da manyan koguna biyu da suka haɗu, akwai masu kwalekwale, akwai jirgin ƙasa yana hayaƙi, akwai ranar da aka sauke wata tuta aka ɗaga wata. Na biyu da Hausa aka rubuta shi, a kan gine-ginen gargajiya: ganuwa, soraye masu zankwaye, bango mai zanen dagi, da wani shafi da ya nuna cikin soro daga ƙasa, rufin ya lanƙwasa kamar an kifa ƙwarya. Na uku labari ne, shi ma da Turanci, na wata yarinya da iyayenta da suka baro ƙasarsu suka zo wani babban birni a bakin teku, inda ba su san kowa ba.

Hedimasta ya sa su a kabad ɗin ofis ya kulle. Ranar Alhamis bayan an dawo daga hutun tara Malaminmu yakan karɓo ɗaya, ya kira ni gaban aji, ya ce in nuna masa hannuna. In ya ga babu maiƙon ƙosai sai ya miƙo min. Ni ce mai karatu a ajinmu, kowa ya san haka. Ina karantawa, Malam yana fassarawa, in na kai ƙarshen shafi sai in juya hoton in zaga da shi benci-benci, ba wanda zai taɓa. A raina littattafan nawa ne, Hedimasta ajiya kawai yake yi min.

Wata rana na roƙi a ba ni ɗaya in kai gida.

"Ke, ko ni ba na kai su gida," in ji Malam. "Awakinku kaɗai sun isa su cinye tarihin Nijeriya kafin gari ya waye."

Na haƙura, tunda dokar ta hau kan kowa.

A wannan shekarar fari ya yi tsanani a arewa da mu. Mu ba mu ji shi sosai ba saboda ruwan kanal, amma mun ga mutanensa. Suna saukowa daga manyan motoci a bakin titi da ƙullin kaya da yara, suna tambayar inda ake neman masu tsinkar tumatir. A cikinsu akwai wani dogon mutum mai rawani da ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram da matarsa da 'ya'yansa biyu. Baba ya ɗauke shi aiki a gonarmu. Kakana, mahaifin Baba, wanda shi ne mai gidan, ya ba su ɗakin baƙi da ke jikin zaurenmu, aka kewaye masu gabansa da zana.

Babbar 'yarsu ta girme ni kaɗan, doguwa ce, siririya, ba ta cika magana ba. Ta yi 'yan shekaru a makarantar Faransanci a can, wadda take kira lakwal. Kaka ne ya ce zaman banza ba zai yi mata ba, ya kama hannunta ya kai ta wurin Hedimasta, aka sa ta ajinmu a bencin baya. Ranar farko Malam ya tambaye ta ko tana ganin allo daga can, sai ta miƙe tsaye ta ce, "Ina gani, Mushe."

Ajin ya kece da dariya, har wani yaro ya faɗo daga benci. Mu a wurinmu mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Malam ya ɗaga bulala, sannan ya sauke, domin ya gane haka suke kiran malamin makaranta a ƙasarsu. Ita kuwa ta tsaya tana kallonmu, ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Daga ranar aka riƙa ce mata Baƙuwa, sunan ya bi ta. Ni tausayinta ma nake ji a lokacin. Tare muke tafiya makaranta, ina gaba tana baya, ina nuna mata gidan wane da gonar wane.

Ranar Alhamis ɗin da aka fito da littafin labarin, na fara karatu kamar kullum. Mun kai shafin da yarinyar cikin littafin da iyayenta suke tsaye a bakin iyaka, uban yana riƙe da akwati, uwar tana riƙe da hannun 'yar. Na juya hoton ina zagawa da shi. Da na iso bencin baya sai Baƙuwa ta daɗe tana kallo, har na gaji na fara janyewa.

"Malam," in ji ta, "ina dabbobinsu?"

"Waɗanne dabbobi?"

"Ba a ce sun mutu ba, ba a ce sun sayar ba. Mutum ba ya barin gida da sauran dabba a tsaye."

Malam ya dube ta. Sai ya ce, "Ku yaya kuka yi? Taso ki gaya mana."

Ta fito gaban aji, ta tsaya daidai wurin da nake tsayawa. Da farko muryarta ba ta fita, sai da Malam ya daka wa na baya tsawa. Ta ce shanunsu kwanciya suka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, in an ɗaga su da safe sai su sake zubewa. Ta ce ranar da za su taso babanta ya cire ƙyauren ɗakinsu ya kai wa maƙwabci ajiya, domin shi ne kaɗai abin da ya rage da ɓarawo zai so. Ta ce sun yi tahiya a ƙasa, haka take faɗin kalmar, har ƙanenta ya daina kuka don ya gaji. Ta ce da motar ta sauke su a nan, innarta ta ga kanal cike da ruwa a tsakiyar rani, sai ta zauna a ƙasa ta tambayi wani mai wucewa ko ruwan wa ye, ko ana bari a taɓa.

Ban taɓa jin ajinmu ya yi tsit haka ba. Yaron da ya faɗo daga benci ranar farko bakinsa a buɗe yake. Ni kuma ina tsaye a gefe da littafin a buɗe, hannuna ya yi tsami, ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya ce in ci gaba. Aka kaɗa ƙararrawa ban ƙarasa shafin ba.

Da aka tashi sai Malam ya karɓi littafin daga hannuna ya shiga ofis. Ina jiran in ji ƙarar kabad. Sai ga shi ya fito da littafin, ya kira Baƙuwa, ya ce Hedimasta ya yarda ta tafi da shi gida ta nuna wa iyayenta, ta dawo da shi ranar Litinin.

"Malam," na ce, "ai ka ce ba a kai su gida."

"Ita ba ta da awaki," in ji shi, ya wuce.

A hanyar komawa ita ce a gaba. Ta naɗe littafin a cikin gyalenta ta rungume shi a ƙirji. Ina bin ta a baya a kan gaɓar kanal. Littafin da na roƙa aka hana ni, ga shi zai kwana a gidanmu, amma a ɗakin baƙi.

Bayan la'asar ina tankaɗe wa Inna garin alkama sai Baƙuwa ta leƙo.

"'Yar gida, zo ki karanta mani. Ban iya Turancinku ba."

Na so in ce ina aiki. Inna ta riga ni, ta ce in ajiye rariyar in tafi. Muka zauna a kan tabarma a gaban ɗakinsu, innarta da ƙanenta suka matso. Littafin yana kan cinyarta, ita take juya shafi, ni kuma ina leƙe ta kafaɗarta ina karantawa ina fassarawa. In na kai hannu zan gyara shi don in ga layin ƙasa sai ta ɗan matsar da shi da kanta, ba da faɗa ba, tsoro take kada ya ɓaci a hannunta. Innarta tana ta cewa, "Allah sarki, su ma haka suka yi?" Da muka gama ta sa min albarka, ta ba ni busasshen cuku ɗan ƙarami da ta taho da shi. Na karɓa na gode, na je bayan rumbu na ci shi da haushi. Daɗinsa ma haushi ya ƙara min.

Ranar Litinin ta mayar da littafin ba ko ɗigon ƙasa a jikinsa. Hedimasta ya yaba, ya ce tunda ta iya riƙo, duk wanda take so ta riƙa ɗauka. Sai ta zaɓi na gine-gine.

Shi wannan da Hausa yake, tana iya haɗa baƙaƙensa a hankali, don haka ba ta neme ni ba. Ina dawowa daga kai wa Baba abinci a gona na same ta zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida kusa da buzun Kaka, littafin a buɗe tsakaninsu. Kaka ya sa tabaransa mai ɗaurin zare. Kakan da ko allon makarantar boko bai taɓa tambayata ba, ga shi ya sunkuya yana bin hoto da yatsa.

"Wannan ai irin soron babana ne," yake gaya mata. "Kin ga yadda aka jera azara ɗin nan? Maginin da ya yi mana namu daga birni aka ɗauko shi. Da rani in kin shiga sai kin nemi mayafi. Zankwayensa kuwa, tun daga hanyar Garun Malam ake hango su."

"Yana ina yanzu, Baba Tsoho?"

"Hanyar ruwa ta bi ta kansa. Wajen ƙaramar gadar nan da kuke haurawa in za ku makaranta, to nan ne tsakar gidanmu."

Ita ma sai ta ce a birnin Damagaram ta taɓa ganin gidaje da aka yi wa fuska da zane, har da launi, ta ɗauki tsinke ta zana masa a ƙasa. Nan da nan sai ga ƙofa, ga zanko, ga zanen da ya nannaɗe ya dawo inda ya faro. Kaka ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, haka ne, 'yar nan."

Na ajiye kwanon a ƙasa da ƙarfi don su san na zo.

"Kaka, ni me ya sa ba ka taɓa gaya min muna da soro ba? Kullum ta gadar nan nake bi."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ai 'yar gida ce. Baƙo ake ba labari."

Ya mai da kansa kan littafin. Na tsaya kaɗan ko za a ce in zauna, ba a ce ba, na ɗauki kwanona na shige.

Daga nan na shiga neman labarin kaina. Na lura duk wanda ya shiga littafi, ko dai ya zo daga wani wuri, ko ya gina wani abu, ko ya ɗaga tuta. Na duba littafin tarihin nan ciki da waje, babu mai noman tumatir ko ɗaya, babu kanal, ko sunan Kura babu a taswirar. Na tare Baba yana wanke ƙafa a bakin rijiya na tambaye shi daga ina muka zo.

"Daga gona," in ji shi.

"A'a, Baba, asalinmu."

"Nan muke. Ina kike so mu fito?"

Na koma wurin Kaka. Ya nuna min wata kuka da ke can bayan gonakin alkama, ya ce kakansa a gindinta aka binne shi, kakan kakansa ma bai wuce nan ba. Yana faɗa yana jin daɗi, ni kuwa raina yana ɓaci. Mutane sun ƙetare iyaka, sun cire ƙyaure, sun ga mutuwar shanu, mu tun da aka halicce mu muna zaune a gindin kuka ɗaya.

Inna ce ta ɗan ba ni abin kamawa. Ta ce ita ba 'yar garin nan ba ce, daga Bunkure aka kawo ta, a bayan a-kori-kura, kuma ruwan sama ya tare su a hanya har gadonta ya jiƙe. Na yi ta jan ta da tambaya. Ta yi kuka? Ta ce ƙwarai. Ta san kowa a nan? Ta ce sai gwaggonta ɗaya. Na ga ai wannan ma barin gida ne.

Alhamis ta zagayo, na ɗaga hannu na ce ni ma ina da labarin hijira. Malam ya ce bismilla. Na fito na gyara tsayuwa, na sassauta murya kamar yadda Baƙuwa ta yi, na fara ba da labarin wata mata da ta bar garinsu da danginta, ta hau mota cikin ruwa da iska, ta zo inda ba ta san kowa ba sai mutum ɗaya. Ajin ya fara natsuwa. Na ji daɗi ya kama ni.

"Daga wace ƙasa ta zo?" in ji Malam.

Na ɗan yi jim. "Daga Bunkure."

Sai yaron nan da ya taɓa faɗowa daga benci ya ɗaga hannu. "Malam, ashe ni ma jiya na yi hijira. An aike ni Bunkure sayen kananzir, na dawo kafin magariba."

Dariyar da aka yi ta fi ta ranar Mushe. Malam da kansa ya juya ya fuskanci allo, kafaɗunsa suna rawa. Na koma wurina kunnuwana suna zafi. Baƙuwa kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Da aka tashi ta zo ta ce min, "Innarki ta ji jiki, ruwa a hanya ba daɗi." Da gaske take, kuma wannan ya fi dariyar ƙona min rai. Na fi so a ce ta yi min dariya, in samu dalilin ƙin kula ta.

Haka muka ci gaba. Ba mu taɓa faɗa ba. Tare muke zuwa wanki a ƙaramin kanal, tare muke yanka tumatir muna shanyawa a kan zana don yin kauɗa. In ta ɗauko littafin labarin nan na Turanci sai ta kira ni, in zauna a gefenta in karanta. Na haddace shi har ba na bukatar leƙe. Amma ko sau ɗaya bai kwana a ɗakinmu ba. Na sake roƙon Malam, ya ce in aka ba ni, gobe duk 'yan aji za su yi layi, ita kuwa dalilinta daban ne. Na gane dalilin. Ganewar ba ta rage min komai ba.

Da zangon karatu ya zo ƙarshe aka ce za a yi bikin ba da kyaututtuka, iyaye za su zo, har da baƙo daga ofishin ilimi. Malam ya ce ni zan karanta shafin samun 'yanci daga littafin tarihi. Baƙuwa kuma ya ce ta gina ƙaramin soro da yumɓu irin na cikin littafin gine-gine, a ajiye a kan tebur mutane su gani.

Na ɗauka nawa aikin ya fi girma, har sai da na ga abin da ya faru a gidanmu. Kaka ya tashi daga buzunsa, abin da bai cika yi ba sai don salla, ya je da kansa ya nuna mata inda ake samun jar ƙasa mai danƙo. Ya koya mata cuɗa ta da yankakkiyar ciyawa, ya fere mata ƙananan itatuwa a madadin azara. Suka yi kwanaki suna abu ɗaya a zaure. Maƙwabta suna shigowa kallo, tsofaffi suna gardama a kan ko zankwayen sun yi tsawo. Ni ina tsakar gida ina maimaita shafina da ƙarfi don a ji, ba mai ji sai kaji.

Soron ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tsayinsa bai wuce gwiwata ba, amma yana da ƙofa da ake leƙawa a ga rufin ciki, yana da indararo na kara, fuskarsa kuma ta sha zane da farar ƙasa da shuni. Ranar bikin babanta ne ya ɗauko shi a kan faifai, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri, Kaka yana biye da sandarsa.

Aka jera bencuna a gindin bishiyoyin makaranta. Na fito cikin wankakken yunifom na karanta shafina, ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Sai dai a daidai lokacin wani ya tayar da injin ban ruwa a gonar da ke bayan aji, rabin mutanen ba su ji ni ba, sauran rabin kuma ba sa jin Turanci. Aka tafa min tafi na ladabi. Baba ya yi murmushi ya gyara hularsa.

Sannan aka kai baƙon wurin tebur. Ya sunkuya, ya leƙa ta ƙofar soron, ya daɗe bai ɗago ba. Ya tambayi wanda ya yi, aka turo Baƙuwa gaba. Malam ya ba shi labarinta a taƙaice. Iyaye suka taso daga bencuna suka kewaye teburin, har da matan da suka tsaya nesa. Na ji Kaka yana gaya wa wani, "A gidana take."

Da aka zo rabon kyauta ni na zo ta ɗaya a ajinmu. Aka ba ni gwangwanin kayan lissafi da sabulun wanka. Ina komawa wurina sai na ji Hedimasta yana cewa akwai kyauta ta musamman, bisa shawarar babban baƙo. Ya ɗaga littafin labarin yarinyar nan, ya ce daga yau ya zama na Baƙuwa, halak malak.

Na tafa tare da kowa. A gida Inna ta yi ta juya gwangwanin tana nuna wa maƙwabta, Baba ya sayo min tsire. Na ci, na yi godiya, na shiga ɗaki na buɗe gwangwanin na rufe, na buɗe na rufe. Ko kusa bai kama hanyar abin da nake so ba.

Ba a daɗe da girbe alkama ba labari ya zo cewa ruwa ya sauka a ƙasarsu. Baban Baƙuwa ya zo ya durƙusa gaban Kaka ya ce za su koma su yi shuka. Baba ya so ya tsaya har dashen shinkafa, ya ce a'a, gonarsa tana jiransa.

Ana jibi za su tafi ta kira ni bakin ƙaramin kanal da littafin. Ta ce in karanta mata daga farko har ƙarshe, a hankali, tana so ta riƙe abin da ke ƙarƙashin kowane hoto.

"A can wa zai riƙa karanta miki?" na tambaye ta.

"Babu. Ko Mushenmu Faransanci ya iya."

"To me za ki yi da shi?"

"In riƙa kallo. In nuna wa mutane in ce a Nijeriya aka ba ni."

Na karanta mata. Littafin zai tafi inda babu mai iya karanta ko layi ɗaya a cikinsa, ni da na san kowace kalma an bar ni da kabad mai littafi biyu. Da na gama ta ce in sake shafin ƙarshe, inda yarinyar ta fara sayar da burodi a bakin tasha har ta yi ƙawa. Na sake. Ta maimaita Turancin a bayana, yana fita a karkace, na gyara mata har ya miƙe.

Ranar tafiya Inna ta ɗaura masu alkama da kauɗa da 'yar shinkafa. Muka raka su bakin titi, inda wata babbar mota da ta sauke kaya a Kura za ta koma arewa. Innarta ta rungume Inna suna kuka. Aka ɗaga Baƙuwa aka ɗora ta can saman buhuna, ta zauna ta miƙe ƙafa, ƙullinta a cinya, kusurwar littafin tana turo zanen. Daga can sama tana ganin abin da ban taɓa gani ba, kuma za ta wuce Kano, ta wuce garuruwan da ni sai a taswira na san su. Har motar ma sai da na ji ina ƙyashin ta. Direba ya tayar, Baƙuwa ta ɗaga murya ta faɗa min wata magana, ƙarar injin ta cinye ta. Na ɗaga mata hannu har suka sha kwana.

Ban sake jin labarinta ba. Ban san ko shukarsu ta yi ba, ban san inda rayuwa ta kai ta ba.

Da muka dawo gida Kaka yana kan buzunsa. Ya tambaya ko sun samu mota, Inna ta ce sun samu. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yarinyar kirki. Gidan zai yi shiru." Na ce uhm, na wuce.

Inna ta miƙo min tsintsiya ta ce in share ɗakin baƙi, ɗan ƙanen Baba zai dawo ciki kafin dashe. Na shiga na tsaya. Na ɗaga tsohuwar tabarmar da muka ara masu, na leƙa bayan randa, na taka dutse na shafa saman katanga inda ake cusa abubuwa. Na san a cinyarta na ga littafin, amma sai da na duba. Ba su bar ko tsinke ba. Na sunkuya na share ɗakin tas, har Inna ta leƙo ta ce in yi a hankali kada in kankare daɓen.